Jelar Rigar Orval Kepner

A bukkar maharba da ke kan tudun Kettle, bangon da ke fuskantar murhu ba a ganin katakonsa. Daga ƙasa har rufi ƙyallaye ne, kowanne an kafe shi da ƙusa: ja, kore, mai gidan dara, wani ya koɗe har ba a gane launinsa. Jelar riguna ce. Duk wanda ya harbi barewa ya kuskure, da ya dawo sai a tsayar da shi a tsakar fili, a yi masa shari'ar wasa, a sa wuƙa a datse bayan rigarsa a kafe a bango. Akwai ta fasto a wurin, akwai ta likita, Hub Fetzer kuwa shi kaɗai ya cika kusurwa guda. Ta Orval Kepner ce kawai babu.

An haifi Orval a ƙauyen Tanner Run, cikin duwatsun arewacin Pennsylvania, a zamanin da jiniyar masana'antar katako ke tada gari da safe, ita kuma ke sallamarsa da yamma. Aikinsa a wurin wasa haƙoran zarto ne, aikin da ba ya son hira, kuma ya yi shi tun yana saurayi har ranar da aka kulle ƙofa aka sayar da injuna. Ya auri Arlene, wadda ke kaɗa molon coci. Shi kuma yakan tsaya a layin baya na mawaƙa, muryarsa can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Ɗa guda Allah ya ba su, Dale.

A wancan lokaci, ranar Litinin da ke bin Idin Godiya ko makaranta ba a buɗewa. Ranar buɗe farauta ce. Maza su hau tudu tun da duhu, mata su tanadi gishiri da tukwane, da yamma a ga barewa rataye a gaban kowane gida na biyu. Naman nan shi ke raka iyali har ƙanƙara ta narke.

Bindigar Orval ta mahaifinsa ce, mahaifin ma a hannun nasa uban ya karɓa. Ta tsohon yayi ce, ba ta da madubin hange irin na yanzu, sai ɗan tsinin ƙarfe a baki. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda gumin hannuwa. A gidan Kepner kuwa bindigar ba ta jiran jana'iza. Ranar da aka yanke jelar rigar uba, a ranar yake miƙa ta ga ɗansa, a tsakar filin bukka, gaban kowa. Haka Orval ya same ta. Bai taɓa mantawa da mahaifinsa a tsaye ba, bayansa a buɗe sanyi na dukansa, mutane na dariya, ya miƙo masa ita da hannu biyu ya ce, “Ta gaji da ni.”

Dale bai kai ga wannan rana ba. Motar gungume ta zame da shi a kan ƙanƙara, ya bar yaro ƙarami mai suna Colby, uwar yaron kuma ba ta daɗe ba ta yi gaba da rayuwarta. Orval da Arlene suka rene shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tun yana ɗan makaranta Colby ya fi manya gane sawu, kuma barewarsa ta farko da bindigar kakansa ya kayar da ita, aro.

“Pap, wai kai yaushe za ka kuskure ne?” in ji Colby, da sunan da yake kiran kakansa, duk shekara, a hanyar sauka daga tudu.

“Sai ka yi furfura.”

“To ni zan zuba maka barkono a ido da safe.”

“Zuba. Da hanci ma na fi ka harbi.”

Arlene takan ji su daga kicin ta ce ita dai ba ta ɗinka rigar ulun nan mai gidan dara don wuƙar Hub Fetzer ba, duk wanda ya taɓa ta zai gamu da ita.

Colby ya girma ya shiga aikin sare itatuwa. Wata rana reshe ya sauko masa a gadon baya. Likita ya rubuta masa ƙwayoyin kashe zafi, ciwo ya tafi, ƙwaya ta zauna. Da likita ya daina rubutawa sai ya nema a waje, da abin hannunsa ya ƙare sai ya fara sayar wa wasu don ya samu nasa. Labarin ba sabo ba ne a kwarin nan, kusan kowane layi na coci akwai wanda ya san irinsa. Aka kama shi, aka ɗaure shi shekara uku. Yana ciki Arlene ta rasu, ba a bar shi ya zo ya ga an binne ta ba.

Lauyan da ya tsaya wa yaron shi ya bayyana wa Orval sauran hukuncin, wanda alƙali bai tsaya a kansa ba. Wanda aka ɗaure kan irin wannan laifi ba ya sake mallakar bindiga, ba ya ɗaukarta, ba ya riƙe ta. Wanda ya ba shi kuma yana sane, shi ma ya yi laifi.

“Har yaushe?” in ji Orval.

“Har abada, sai fa in gwamna ya yafe masa. Ana nema, wasu suna samu. Amma layin dogo ne, Mista Kepner, shekaru ake yi.”

Orval ya juya hularsa a hannu. Ya ce, “Bari in gane. Ni yanzu in na fita bakin titi na tare wani ɗan jihar nan wanda ban taɓa gani ba, zan iya sayar masa da ita?”

“Bindigar farauta ce doguwa, kai kuma ba dillali ba ne. Za ka iya, muddin ba ka san shi da wani abin da ya hana ba.”

“Ba takarda?”

“Ba takarda.”

“Amma yaron da na wanke wa kashi, shi ne a'a.”

“Shi ka san shi,” in ji lauya. “Abin ke nan.”

Orval bai zagi doka ba, ko a ranar ko bayanta. Mutum ne da ya tashi da sanin cewa hukuma ba wasa ba ce, kuma ya ga abin da ƙwaya ta mayar da Colby a watannin ƙarshe, lokacin da shi da kansa yake ɓoye harsashi a cikin gwangwanin gari. Ya san dalilin dokar. Sanin dalilin bai rage masa nauyin komai ba.

Daga wannan shekara ya daina harbi. Yakan hau tudu kamar kullum, ya zauna a gindin itacen da ya saba, ya dawo da yamma ya ce bai ga komai ba. Gaskiyar magana, idonsa ya fara yana, tsinin bakin bindiga ya soma rabuwa biyu. Ya lissafa abin sarai: in ya harba zai iya kuskurewa, in ya kuskure za a yanke riga, in aka yanke riga sai ya juya ya miƙa, to ga wa? Wanda bai harba ba bai kuskure ba.

Hub Fetzer, abokinsa tun suna yara, bai yarda ba. Hub ƙato ne mai ƙarar murya, ko da yake yanzu yana yawo da 'yar tukunyar iskar numfashi da roba a hanci.

“Ba ka ga komai ba? Orval, namiji mai ƙaho kamar kujera ya wuce ta gabanka, har ya tsaya ya gaishe ka. Ni daga ƙasa na gan shi.”

“Kai da ba ka iya samun bangon rumbu ko kana cikinsa.”

“Ni dai ina harbawa. Rigunana sun shaida.”

“Sun shaida kam. Matarka ta mutu ba ta taɓa ganinka da cikakkiyar riga ba.”

Suka yi dariya, Hub ya yi tari har hawaye, bai sake tada maganar ba.

Colby ya fito, ya rame, ya yi shiru. Ya sami aiki a garejin gyaran manyan motoci, ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Renee, ya riƙe kansa kamar mai ɗauke da ƙwai a kan tsakuwa. Akwai jami'a da hukuma ta sa ta sa masa ido, takan zo gidansa ba sanarwa, ta buɗe abin da ta ga dama. Gidan kakansa ma a baranda yake tsayawa, don bindigar tana ciki. Nan suke shan kofi, ko da sanyi.

Sai ga shi a wata kaka Orval ya zame a kan matakalar bayan gida, ya kwana rabin yini a ƙasa kafin mai kawo wasiƙu ya ji muryarsa. Ƙugu bai karye ba, amma likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare. Renee ta share ɗakin da ke kallon gabas, ta sa labule. Colby ya zo baranda da maganar.

“Pap, ɗakinka na nan. Kujerarka ma za mu ɗauko, da hoton kakata, da duk tarkacenka. Abu ɗaya ne.”

“Na sani.”

“Na tambayi jami'ar nan. Na ce ko a sa bindigar a akwatin ƙarfe, makulli a hannunka. Ta ce ko harsashi guda ta gani a aljihun tsohuwar riga, na koma.”

“Na ce na sani, ko kurma ka mayar da ni?”

“Kurma dai kam ka daɗe da zama.”

Orval ya dubi tudun Kettle, wanda a idonsa yanzu ya zama baƙin gajimare kawai. Ya ce, “Bari a buɗe farauta tukuna. Daga bukka sai ka wuce da ni gidanka.”

A cikin makonnin nan ya ƙulla abin da zai yi. Alkawari kaya ne, shi kuma ya gaji da ɗauka. Zai harba a sama da gangan, a yanke rigar, ya miƙa wa yaron bindiga a tsakar fili kamar yadda aka yi masa. Riƙewa kawai, ɗan lokaci, a kan tudu inda babu kowa sai tsofaffin da suka san shi tun yana cikin zanen goyo. Daga nan duk abin da zai faru da ita ya faru. Bai gaya wa kowa ba.

An mayar da ranar buɗewa Asabar yanzu, abin da tsofaffin bukka ba su gama yafewa ba. Da mota biyu suka hau: Colby ya ɗauki kakansa, Hub ya ɗauki bindigar, don ba za ta shiga motar Colby ba. Colby ya ajiye motarsa a ƙarshen fili, nesa da barandar da ake jingine bindigogi, ya zauna a ciki da kofinsa yana jira.

Hub ya raka Orval har gindin itacensa, ya zaunar da shi, ya koma ƙasa kaɗan. Ƙanƙara ta sauka da dare, daji ya yi fari ya yi tsit. Orval ya ɗora bindiga a cinya. Yana sanye da rigar da Arlene ta ɗinka, da shara mai launin lemo a sama kamar yadda doka ta ce.

Hantsi ya ɗaga kafin ya ji taku. Wani abu mai ruwan ƙasa ya fito daga cikin ƙananan itatuwa ya tsaya. Da ya juya kai, rana ta kama ƙahon, Orval ya ga ƙyallinsa ko da yanar idonsa. Namiji ne, babba, ya ba shi gefe, kusa ƙwarai.

Nan shirin ya watse. Ƙotar na taɓa kafaɗarsa, tsohon da ya zo harbin iska ya ɓace, maharbin ya dawo. Bai tuna Colby ba, bai tuna riga ba. Ya auna bayan kafaɗar dabbar da dukan zuciyarsa, ya tsayar da numfashi, ya ja kunama a hankali kamar yadda ya koya wa yara da yawa.

Ƙara ta zaga kwari ta dawo. Barewa ta ɗaga farar jela, ta yi tsalle biyu, ta shige. Hub ya hauro yana haki, ya duba wurin da ta tsaya. Ba jini, ba gashi. Can sama, a jikin wani itace, ɓawo ya ɓare fari.

“Orval,” in ji Hub a hankali. “Da gangan ka yi?”

“Da niyyar haka na zo,” in ji Orval. “Ashe ba sai na wahalar da kaina ba.”

Da rana aka taru a fili. Labari ya riga su sauka, maharba sun bar wurarensu sun dawo don su gani da ido. Aka kife bokiti, Hub ya zauna a kai a matsayin alƙali, tukunyar iskarsa a gefe.

“Orval Kepner, ana tuhumarka da kashe itace marar laifi. Ka amsa?”

“Na amsa.”

“Kana da uzuri? Rana ta shiga idonka? Barewar ta yi maka asiri?”

“Babu.”

“Kai, kotu ta daɗe tana jiran wannan rana. Wasu alƙalan sun mutu suna jira. A kawo wuƙa!”

Aka yi ihu da tafi. Orval ya ce yana da roƙo guda, jikansa ne zai yanka. Aka ƙwala wa Colby kira, ya fito daga mota ya tako har tsakiyar fili yana murmushi, irin murmushin da ba a ga ya yi ba tun kafin a kama shi.

“Pap, ban ma kai ga barkonon ba.”

“Yanka ka daina surutu. Furfurar ma ga ta nan ta fara maka.”

Colby ya kama jelar rigar, ya bi ɗinkin kakarsa da wuƙa, ya datse. Sanyi ya bugi bayan Orval. Tsohon ya karɓi bindigar daga hannun Hub, ya buɗe ta ya nuna babu harsashi, ya juya, ya miƙa ta da hannu biyu.

“Ta gaji da ni,” in ji shi.

Dariya ta mutu. Wani matashi da ke ɗaukar abin a waya ya sauke hannu ya cusa ta a aljihu. Colby ya dubi bindigar. Hannunsa na dama ya ɗago da kansa, ya zo kusa har inuwarsa ta faɗa kan ƙotar. Sai ya janye shi, ya haɗa da ɗayan a bayansa, ƙyallen yana dunƙule a ciki.

“Pap, kada ka yi min haka.”

“Riƙewa kawai. Ba wanda zai faɗa. Ko akwai?” Ya waiwaya, kowa ya sunkuyar da kai.

“Ba su nake tsoro ba.”

“To me?”

“Na san nauyinta, Pap. Ina jin sa a mafarki. In na riƙe ta yau ba zan mayar ba. Zan ɓoye ta a wani wuri, in riƙa zuwa ina dubawa, wata rana a kama ni. Na san kaina da abin da nake so. Sau ɗaya kawai, haka na ce wancan karon ma, lokacin ƙwaya.”

Orval ya tsaya da hannuwa a miƙe. Bai taɓa jin nauyin bindigar nan ba sai ranar. Hub ne ya tashi daga kan bokiti ya karɓe ta, ya yafa masa bargo a baya, ya ce wa jama'a miyar wake na hucewa.

Bindigar ta koma gidan Hub. Bayan kwanaki, da Hub ya zo duba Orval a sabon ɗakinsa, ya ce, “Ka bar ta wurina mana. Ci take yi ko sha? Wa ya sani, ko gwamnan ya tuna da yaron.”

“Kai da ake ba ka numfashi a tukunya? Ni da kai wa zai ga wannan rana?”

“To 'ya'yana su ajiye.”

Orval ya girgiza kai. Ta taga yana jin Colby a waje yana fasa itacen wuta. Ya ce, “Ka ji abin da ya faɗa. Gidanka yana kan hanyarsa ta zuwa aiki. Kullum zai wuce ya san tana ciki. Ka nemo min baƙo, Hub. Na nesa.”

Baƙon ya zo ranar wata Asabar, daga can kudancin jiha, da mota mai sheƙi da takalman da ba su taɓa taka laka ba. A tsakar gidan Hub aka yi cinikin. Mutumin kirki ne da alama. Ya fito da lasisin tuƙinsa don a ga ɗan jihar ne, Orval ya ce Hub ya duba, shi ba ya gani. Baƙon ya shafa ƙotar yana yabawa, ya ce tsofaffin irin wannan yake tarawa, yana da wuri a saman murhunsa da zai dace da ita.

“Tana harbi kuwa har yanzu?”

“Ita tana yi,” in ji Orval.

Ya fara gaya masa yadda ake shafa mata mai, da yadda take ɗan ja hagu in sanyi ya yi tsanani, sai ya lura mutumin yana gyaɗa kai ne kawai don ladabi, ya bar maganar. Suka yi musafaha. Baƙon ya ce ko zai bar lambarsa, ko iyali za su so sanin inda take.

“A'a,” in ji Orval. “Sunanka ma kada ka faɗa min.”

Mota ta fita, ta bi hanyar da ke gefen rafi. Orval ya bi ta da kunne har ƙarar ta ɓace.

Bai kai wata farautar ba. Ya yi hunturun a kujerarsa kusa da tagar gabas, sanye da rigar nan mai yankakken baya. Renee ta saya masa sabuwa, ta yi lallashi ta gaji. Colby bai taɓa tambayar inda bindigar ta tafi ba, shi ma bai faɗa ba, don bai sani ba. Suna wasansu kamar da, sai dai wasan ya zama gajere. Kafin ƙanƙara ta gama narkewa aka kwantar da shi kusa da Arlene da Dale, a bayan coci.

A bangon bukka har yanzu babu jelar rigar Orval Kepner. Hub ya ce kotu ta yi afuwa, wanda ya yanka ya riƙe. Watanni bayan jana'izar, jami'ar nan ta zo gidan Colby yana wurin aiki. Ta buɗe kabad, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta duba aljihun rigunan marigayin ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami komai ba. Tana fita ta ga wani ƙyalle ja da baƙi kafe da ƙusa a saman ƙofa.

“Wannan fa mene ne?”

Renee ta ɗaga kai ta dube shi.

“Gadon mijina ne,” in ji ta.